Tsohuwar manhajar bil ɗin wuta: a lulluɓe ta ko a tumɓuke ta?

Ummi_Kod:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa aiki da kamfanin wuta ko na ruwa. Ina sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba wutar lantarki, ku yi mini uzuri ba zan kama suna ba. Manhajar da ke lissafa bil ɗin masu biya a ƙarshen wata da COBOL, wani tsohon harshen rubuta manhaja, aka rubuta ta, kuma ta riga kowa a ofishinmu fara aiki in ban da mutum ɗaya. Da daddare take lissafi, ta tattara karatun mita na yini, da asuba ta fitar da sakamako. Manhajar sayar da token tana gefe, taswirar layuka da taransifoma tana gefe, wurin karɓar koke ma nasa daban. Babu wadda ke jin yaren 'yar'uwarta. Mutum ɗaya sai ka same shi da lamba huɗu, in ya zo da ƙorafi sai ma'aikaciya ta buɗe allo uku kafin ta gane ko shi wane ne.

Yanzu an kawo shawara biyu. Shugabanmu yana so a sayo sabuwar manhaja guda ɗaya mai yin komai, a kashe tsohuwar a rana ɗaya. Wani mai ba da shawara kuma ya ce kada a taɓa ta, a lulluɓe ta da ƙunshe-ƙunshen manhaja masu zaman kansu, ɗaya na abokin ciniki, ɗaya na mita, ɗaya na asusu, kowace sabuwar manhaja ta riƙa kiransu ta netwok, kamar yadda kamfanonin wuta na Amurka da Turai suka yi da CORBA, wata ƙa'idar haɗa manhajoji ta netwok, a shekarun 1990. Ni zuciyata ta fi karkata ga ta biyun. Amma ina jin ana cewa CORBA ta mutu. Shin dabarar ce ta mutu ko kayan aikin kawai?

MaiKebul:
Wa alaikumus salam. Kafin manya su zo, don Allah wani ya fassara mana wannan ƙunshi da ake rarrabawa. Ni mutumin waya ne da suwic, manhaja ba fagena ba ce.

Injiniya_Gwammaja:
MaiKebul, ɗauki misalin kasuwar hatsi ta Dawanau. Kai kana Legas kana son buhu ɗari na wake, ba ka san rumbun da yake ba, ba ka san yaren mai shi ba. Dillali kake kira, ka faɗi abin da kake so, shi ya san inda zai je. To a manhaja, ƙunshi shi ne bayani da ayyukan da ake yi a kansa an ɗaure su wuri guda: mita tana da lamba da karatu, kuma ana iya ce mata kawo karatunki na ƙarshe. Rarrabawa kuma ita ce ƙunshin yana zaune a wata kwamfuta daban, kai kana kiransa kamar yana tare da kai. Wanda ke kai kira ya dawo da amsa shi ake kira ORB, kuma ma'anar harafin ƙarshen nan dillali ce.

Wata ƙungiyar kamfanoni mai suna OMG, wadda aka kafa a 1989, ita ta fitar da CORBA a 1991. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne IDL. Kana rubuta yarjejeniya: ga sunan aiki, ga abin da za a ba shi, ga abin da zai mayar. Daga wannan yarjejeniya sai a fitar da kod na harshen C++ ko Java ko COBOL ɗin kanta. Ke nan wanda ya rubuta sabuwar manhaja da Java a kan Windows zai iya kiran lissafin da ke cikin babbar kwamfutar IBM ba tare da ya san abin da ke cikinta ba. Microsoft ta fito da tata, DCOM, a 1996, Java ta zo da RMI a 1997.

Ummi, amsar tambayarki a taƙaice: kayan aikin sun tsufa, dabarar lulluɓi tana nan da ranta.

Tsohon_NEPA:
'Yata Ummi, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin a yi, ba bayan an yi ba. Na shiga aikin wuta tun ana NEPA, na ga an koma PHCN a 2005, na ga an miƙa wa 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba 2013, kamfanonin rarrabawa goma sha ɗaya. Abin da zan faɗa miki ba na kwamfuta ba ne sosai. Wannan tsohuwar manhaja da kuke gani, ba lissafi kaɗai ke cikinta ba. Duk wata doka da aka taɓa yi a kan farashi tana ciki. Yadda ake lissafa wanda mitarsa ta mutu a tsakiyar wata, yadda ake raba bashi idan gida ya koma hannun magada, yadda ake yi wa masana'anta mai mitar da ke auna buƙata mafi girma, duk wani ya zauna ya rubuta, kuma mafi yawansu ba a taɓa sa su a takarda ba. Ranar da kuka kashe ta, wannan ilimi kuka kashe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mutum ɗayan nan da kika ce ya riga ta, shekara nawa ya rage masa ya yi ritaya?

Ummi_Kod:
Baba, bai kai shekara biyu ba. Shi ne abin da ke hana ni barci.

Sabo_Dev:
Da girmamawa ga Baba, amma ni ban yarda ba. Wannan hujja ta ilimin da ke ciki ita ake kawowa kullum, shi ya sa muke nan inda muke. In mutum ɗaya ne ya san ta kuma zai tafi, lulluɓi me zai gyara? Kin sa wa bangon da ya tsage fenti ne kawai. Ranar da ya zube, da shi da fentin za su zube. Kuma maganar CORBA a wannan zamani ban ma san ta inda zan fara ba. Java ta cire ta daga cikinta gaba ɗaya a Java 11, shekarar 2018. Ina za ki samo yaran da suka iya ta? A sayo sabuwa, a sha wahala wata shida, a huta.

Hajiya_Data:
Sabo, wata shidan nan da ka faɗa da sauƙi, bari in ba ka labarin waɗanda suka fi mu kuɗi da ma'aikata. Kamfanin npower a Birtaniya ya koma sabuwar manhajar bil, lissafin dubban ɗaruruwan mutane ya rikice, wasu bil bai zo ba, wasu ya zo ba daidai ba. A ƙarshen 2015 hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi a can ta sa ya biya fam miliyan 26. Hukumar ruwa da wuta ta birnin Los Angeles ta kunna sabuwar manhajarta a 2013 don maye gurbin wadda ta yi shekaru kusan arba'in, aka riƙa aika wa mutane bil da ya wuce ƙima, har abin ya kai kotu. National Grid a Amurka ta kunna sabon tsarin SAP na albashi da lissafin kamfani a farkon Nuwamba 2012, kwanaki kaɗan bayan guguwar Sandy, lokacin da ma'aikata ke aikin dare da rana suna gyaran layuka. Albashi ya rikice, an biya wasu fiye da haƙƙinsu, wasu ƙasa da shi. Daga baya kamfanin Wipro da ya yi aikin ya biya dala miliyan 75 don a rufe shari'ar.

Na Los Angeles da na National Grid sauyin rana ɗaya ne ko kusa da haka. Su suna da inda za su jingina in kuɗi bai shigo ba wata biyu. Kamfanin rarrabawa a nan, in bil bai fita ba wata ɗaya, da me zai biya kuɗin wutar da ya karɓa? Kada garin neman gira a rasa ido.

Sabo_Dev:
Hajiya na ji, kuma misalan gaskiya ne. Amma ai ba a ba da labarin waɗanda suka lulluɓe suka zauna shekara ashirin suna biyan kuɗin kula da abu biyu, tsohuwar da lulluɓinta. Wannan asarar ba ta shiga jarida saboda a hankali take ci.

Injiniya_Gwammaja:
Nan kam Sabo ya taɓo gaskiya, kuma ni shaida ne. A farkon shekarun 2000 na yi aiki da wani kamfani a ƙasar waje da ya lulluɓe tsarin abokan cinikinsa da CORBA. Orbix muka yi amfani da shi, manhajar CORBA ta kamfanin IONA na Dublin. Abin da aka ce na wucin gadi ne, shekara uku, na bar wurin yana nan daram.

Amma kuskurenmu mafi girma ba wannan ba ne, kuma Ummi ina so ki saurara da kyau domin mai ba ku shawara yana dab da maimaita shi. Mun tsara ƙunshin abokin ciniki yadda ake koyarwa a aji: kawo suna, kawo adireshi, kawo lambar mita, kawo bashi, kowanne kira daban. A ɗakin gwaji abin kamar walƙiya, saboda kwamfutocin suna kan teburi ɗaya. Da aka kai ofisoshin reshe, allo ɗaya yana yin kira talatin ko arba'in ta layin da ke da jinkiri, sai ma'aikaci ya zauna yana kallon allo, layin mutane yana tsawo. Alƙawarin CORBA shi ne ba sai ka damu da inda ƙunshi yake ba. Wannan alƙawari shi ne tarkon. Kiran da ke cikin kwamfuta ɗaya ba ya ɓata a hanya. Kiran da ya bi netwok yana iya ɓata, yana iya jinkiri, kuma mafi muni, yana iya isa a yi aikin amma amsar ta ɓata a dawowa. Injiniyoyin kamfanin Sun, su Jim Waldo, sun rubuta gargaɗi a kan wannan tun 1994, mu ba mu kula ba sai da muka ɗanɗana.

Sai da muka sake rubuta yarjejeniyar gaba ɗaya: kira ɗaya ya kawo duk abin da allon ke buƙata. Daga nan abin ya daidaita. Amma ka ga a lokacin mun daina tunanin ƙunshi, mun koma tunanin hidima, tun kafin a sa wa abin suna.

Dan_Damagaram:
Injiniya, wannan magana ta amsar da ke ɓata a hanya, mu nan Nijar ita ce ciwon kanmu. Mutum ya biya kuɗin wuta ta wayar salula, kuɗi ya fita, saƙo bai dawo ba, sai ya sake biya. In tsarin bai san cewa wannan biyan shi ne na ɗazu ba, an ci kuɗin talaka sau biyu. Ko da wace fasaha za ku yi aiki, kowane biya ya zo da lambarsa ta musamman daga wurin mai aikowa, in ta sake zuwa a mayar da amsar farko, kada a sake aikin. Wannan ba CORBA ke ba ka shi ba, ba sabbin kayan ke ba ka shi ba, kai za ka gina.

MaiKebul:
Yanzu na fara gane inda nake shigowa. To ta ɓangarena ga abin da na sani. CORBA tana sa adireshin sabar da lambar ƙofa a cikin takardar shaidar ƙunshin kanta. In akwai na'urar da ke sauya adireshi a tsakani, sai mai kira ya karɓi adireshin cikin gida wanda ba zai iya kaiwa gare shi ba. DCOM kuma tana fara magana ta ƙofa 135, sannan ta zaɓi wata ƙofa yadda ta ga dama, ke nan sai ka buɗe ƙofofi masu yawa a katangar tsaro. Mai kula da tsaro ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ya sa hanyar yanar gizo ta yi nasara ke nan, ƙofa ɗaya da kowa ya riga ya buɗe.

SCADA_Zariya:
Tunda an ambaci DCOM bari in ce wani abu, domin masu cewa ta mutu ba su shiga ɗakin kula da layuka ba. OPC na asali, wanda aka fitar a 1996 don na'urorin masana'antu su riƙa miƙa wa kwamfuta karatu, a kan DCOM aka gina shi, kuma har gobe yana aiki a tashoshi da masana'antu da yawa. Microsoft ta ƙara wa DCOM tsaro saboda wata ɓaraka da aka gano a 2021, ta ba da lokaci, sannan a Maris 2023 ta rufe hanyar kashe sabon tsaron. Wanda bai shirya ba, ya sabunta Windows kawai ya ga karatu ya daina zuwa. Wani wurin da na je gyara, abin da suka yi shi ne sun daina sabunta kwamfutar gaba ɗaya, wato an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Maganin na gaskiya shi ne sabuwar OPC, wato OPC UA, wadda ba ta dogara da DCOM.

Ummi, roƙona ɗaya. Duk abin da za ku gina, kada dillalin da ke haɗa bil da token ya zama yana da hanyar ba da umarni ga ɗakin kula da layuka. Karatu ya fito daga can zuwa nan, umarni kada ya shiga. A Disamba 2015 an kutsa kamfanonin rarraba wuta uku a Yukren, ta netwok ɗin ofis aka fara shiga, daga nan aka kai ga masu buɗe layuka, mutane sama da dubu ɗari biyu suka rasa wuta cikin hunturu.

Ummi_Kod:
Na gode Malam, wannan na rubuta shi. A tsarin da aka kawo mana kuwa an zana kibiya mai kai biyu tsakanin dillalin da ɗakin kula da layuka, ban lura da haɗarin ba sai yanzu.

Dalibi_Kwamfuta:
Ni ɗalibi ne, ku gafarce ni in tambayar ta yi ƙasa. Me ya sa tun farko kamfanonin wuta ne ke da irin waɗannan tsofaffin manhajoji? Na ɗauka bankuna ne kawai.

Injiniya_Gwammaja:
Tambaya ce mai kyau ƙanena. Kamfanonin wuta da gas da tarho suna cikin na farko da suka shiga kwamfuta, domin suna da abokan ciniki miliyoyi da lissafi iri ɗaya kowane wata. CICS, manhajar gudanar da hada-hada a babbar kwamfuta wadda bankuna da yawa ke tafiya a kanta har yau, IBM ta fara yin ta ne saboda su. Da aka sanar da ita a 1968 sunanta ma yana ɗauke da kalmar kamfanonin hidimar jama'a. COBOL kuwa tun 1959. Wanda ya fara da wuri shi ke da tsohon kaya mafi yawa. Ga shi kuma ba sa iya rufe shago su yi gyara.

Hajiya_Data:
Ina so in dawo da mu kan wata magana da Ummi ta faɗa a farko wadda kowa ya tsallake: mutum ɗaya, lamba huɗu. Wallahi wannan ita ce matsalar, sauran duk biyo baya ne. Ka gina ƙunshin abokin ciniki mai kyau, ka kira shi, wa zai kawo maka? Wanda ke cikin bil da suna Alhaji wane, ko wanda ke cikin token da sunan ɗansa, ko wanda ke kan taswira a ƙarƙashin taransifomar da aka cire shekara biyar da suka wuce? Dillali ba ya gyara hatsin da ya ruɓe, kawo maka shi zai yi da sauri.

Na yi wata tara a wani aiki ba na yin komai sai daidaita lambobi. Mun sami gidajen da aka rushe ana ta yi musu bil na ƙiyasi, bashi yana taruwa a littafi kamar kuɗi ne da za a karɓa. Mun sami mitoci masu sayen token da ba a jingina su ga kowace taransifoma ba, ke nan ba yadda za a yi a san wutar da ta ɓata a wannan layi. Kuma yanzu da farashi ya dogara da rukunin fida, wato layin da ke kawo wa unguwa wuta, musamman tun da aka ɗaga na rukunin A a Afrilu 2024, in ka jingina mutum ga fidar da ba tasa ba, ka zalunce shi ko ka cuci kamfani. Wannan aikin ƙafa ne, a bi gida gida, sanda sanda. Ko sabuwa za ku saya ko lulluɓi za ku yi, ba mai ɗauke muku shi.

Sannan kada ku ƙirƙiro ma'anar mita da asusu da wurin amfani daga kanku. An riga an yi wannan aiki. CIM, wata ƙa'idar fasalta bayanan harkar wuta a manhaja, ta faro daga cibiyar bincike ta EPRI a Amurka, ta zama ƙa'idar IEC 61970 ta ɓangaren manyan layuka da IEC 61968 ta ɓangaren rarrabawa. Abin da ya fi amfane ni a cikinta shi ne ta raba mita da wurin da ake shan wutar da kuma yarjejeniyar abokin ciniki, abu uku daban. Tsofaffin manhajoji da yawa sun cure su wuri guda, shi ya sa in an sauya mita sai tarihin gidan ya ɓata.

Tsohon_NEPA:
Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Kuma a tuna, bayan kowace lamba akwai gida. Na ga dattijo ya zo ofis da takardun biya na shekaru a cikin leda yana rantsuwa bai ci bashi ba, kuma gaskiyarsa ce, lambarsa aka haɗa da ta maƙwabci. Irin wannan ke sa mutane su daina biya gaba ɗaya.

Sabo_Dev:
To in haka ne ai kun zo inda nake. In dole a share bayanai, a share sau ɗaya a zuba cikin sabuwa.

Bawan_Allah77:
A'a Sabo, ba ɗaya ba ne. Bambancin shi ne ranar da za ka gane ka yi kuskure. In ka zuba duka a rana ɗaya, za ka gane a kan mutum miliyan. In ka bi a hankali, za ka gane a kan unguwa ɗaya.

Kun san yadda cediya ke fitowa a jikin giginya? Tsuntsu ya ajiye iri a sama, ta fara sako saiwa ƙasa, tana naɗe uwar bishiyar, shekara da shekaru, har ranar da za a duba a ga cediya ce ke tsaye da ƙafarta. Masanin manhaja Martin Fowler ya ga irin wannan ɓaure a dazukan Ostireliya ya ba dabarar da zan faɗa sunan ɓauren a 2004. Ana sa ƙofa ɗaya a gaban tsohuwar manhaja, kowa ya bi ta nan. Sai a ɗauki aiki ɗaya, misali duba bashi, a gina sabo a bayan ƙofar, a karkatar da kira zuwa gare shi. Mai kira bai san an sauya komai ba. Sai na gaba. Lulluɓin ba wurin zama ba ne, hanyar fita ce. Abin da ya faru da su Injiniya shi ne an sa ƙofar aka tsaya nan, ba a ci gaba da cire ayyukan ba.

Injiniya_Gwammaja:
Haka ne. Da ƙofar ta fara aiki, matsin ya ragu, manya suka karkatar da kuɗin wani wuri. Shi ya sa nake cewa a rubuta ranar kashe kowane sashe a cikin kasafin tun farko, da sunan wanda zai amsa tambaya in ranar ta wuce.

Kumasi_Zongo_IT:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina bin zancen tun safe. Tambayata ga Ummi: kuna da asalin kod ɗin COBOL ɗin kuwa, kuma kun tabbata shi ne wanda ke gudana? Na taɓa shiga aikin da kod ɗin da ke cikin ma'ajiya ya bambanta da wanda ke kan sabar, an yi gyare-gyare kai tsaye ba a ajiye ba. In babu kod, lulluɓin zai koma kwaikwayon ma'aikaci, manhaja ta riƙa cike koren allon tsohuwar manhajar tana kwashe rubutun da ya fito. Yana aiki, amma ranar da aka matsar da layi ɗaya a allon komai ya tsaya.

Abu na biyu, kuɗi. COBOL tana ajiye adadi a matse, lamba biyu cikin bayit ɗaya, abin da ake kira COMP-3, kuma lissafinta na goma-goma ne daidai wa daida. In yaranku suka karɓi adadin suka zuba shi cikin nau'in lamba mai yawo da ɗigo a Java ko JavaScript, kobo zai fara ɓata. Kobo ɗaya a bil ɗaya ba komai ba ne, amma jimillar wata ba za ta taɓa daidaita da ta tsohuwar ba, kuma masu binciken kuɗi ba za su sa hannu ba.

Ummi_Kod:
Yaya, kod ɗin yana nan amma ban taɓa gwada haɗa shi in kwatanta da mai gudana ba. Gobe in sha Allahu zan zauna da dattijon namu a kan wannan. COMP-3 kam akwai shi ko'ina.

Dan_Damagaram:
Wani misali da ya shafi kowa a zauren nan, tunda Baba ya yi maganar abin da ke ɓoye cikin tsohon tsari. Token mai lamba 20 na ƙa'idar STS ta mitocin token yana ɗauke da ƙidayar mintuna tun daga 1 ga Janairu 1993, a cikin bit 24. Wannan ƙidaya ta cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Shi ya sa aka bi mutane da token biyu na sauya makulli, aka mayar da tushen ƙidayar zuwa 2014. Shawara ce da wasu injiniyoyi suka yanke shekara talatin da suka wuce, ta zo ta tarar da kowane gida mai mita. Kamfanin da ya san mitocinsa da inda suke ya wuce lafiya. Wanda bai sani ba ya sha layi a ofis.

Dalibi_Kwamfuta:
To in ba CORBA ba, da me za a gina ƙofar yau?

Sabo_Dev:
Wannan kam mai sauƙi ne. REST da JSON, salon kira da tsara bayani na yanar gizo, ga abin da ke fuskantar waje, wakilan sayar da token da bankuna da manhajar waya. gRPC, hanyar kira tsakanin manhajoji wadda Google ta saki a 2015, ga na cikin gida in ana son sauri. Kuma zan yarda da abu ɗaya: duk wanda ya rubuta fayil ɗin yarjejeniya na gRPC ya fitar da kod na harsuna biyu daga ciki, IDL yake yi da sabon suna. Abin da aka bari a baya shi ne riya cewa abin nesa kamar na kusa yake.

SCADA_Zariya:
A ƙara da layin saƙo. Ba kowane abu ke buƙatar amsa nan take ba. An sauya mita, an yi biya, an yanke wuta, waɗannan sanarwa ne, a jefa su a layi, kowace manhaja ta ɗauka lokacin da ta farka. Musamman tunda tsohuwar tana rufe fayilolinta da daddare tana lissafi. In wani ya biya ƙarfe biyu na dare, ina biyan zai zauna kafin asuba? Mai ba ku shawara ya amsa wannan kafin a ba shi ko sisi.

Hajiya_Data:
Kuma a gudanar da tsohuwar da sabon sashen tare na aƙalla zagayen bil uku, a kwatanta asusu da asusu. Duk inda suka saɓa, a nan wata doka take da ba a rubuta ba, ko kuma tsohon kuskure da aka daɗe ana yi. Dukansu biyun kuna buƙatar sani, kuma dattijon nan ne kaɗai zai iya ce muku wanne ne wanne.

Tsohon_NEPA:
Shi nake ta tunani tun ɗazu. 'Yata, ku girmama shi. Sau da yawa in aka zo da sabon tsari sai a mayar da irinsu gefe kamar su ne matsalar, su kuma su ja bakinsu su yi shiru. Ku nemi a ba shi yara biyu su zauna da shi, ba don su koyi COBOL kawai ba, don su riƙa tambayarsa me ya sa aka yi kaza. Ku ɗauki muryarsa in ya yarda. In da hali a riƙe shi da kwantiragi bayan ritaya.

Sabo_Dev:
Baba a kan wannan ba mu da saɓani. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, kamfanin da ke fama da biyan albashi ba zai iya riƙe ƙwararrun da za su yi shekara huɗu suna cire sashe bayan sashe ba. Yaran da kuka horar, shekara ɗaya za su sami aikin waje su tafi. Manhajar da aka saya aƙalla akwai kamfani a bayanta da za a kira. Ummi, mutum nawa ne a sashenku da za su iya wannan aiki, tsakani da Allah?

Ummi_Kod:
Tsakani da Allah, mu huɗu ne, ɗaya kuma yana neman tafiya. Wannan tambaya ta fi duk sauran yi mini nauyi.

Bawan_Allah77:
Ai ba dole sabon da ke bayan ƙofar ya zama ku kuka rubuta shi ba. Kuna iya sayen manhajar da shugabanku ke so, ku sa ta a bayan ƙofar, ku kwashe mata abokan ciniki reshe bayan reshe. Shi ya sami abin da yake so, ku kun tsira daga sauyin rana ɗaya. Sai dai ku riƙe ƙofar da yarjejeniyarta a hannunku, kada mai sayarwa ya mallake ta.

Kumasi_Zongo_IT:
Wannan zai yiwu in lasisin bai ɗaure su da biyan kuɗin dukkan asusu tun ranar farko ba. Ummi ki duba yadda suka lissafa farashin, a kan kowace mita ne ko dunƙule, kuma da dala ne ko da naira. In kin samu dama ki turo mini fasalin fayil ɗin asusun ta saƙon sirri, ba tare da bayanan mutane ba, in duba miki filayen COMP-3 ɗin kafin zamanku da dattijon.

Ummi_Kod:
Zan turo da yamma in sha Allahu. Da dala suka kawo farashin, kuma ban ga inda suka ambaci gudanar da biyun tare ba, zan tambaya a taron Laraba. Injiniya, yarjejeniyar da kuka sake rubutawa a wancan aikin, kira nawa ta koma a ƙarshe, kuma da wanne kuka fara?